Wace Unguwa Za Mu Sauke Iyali A Birnin Fas?

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata, a nan Fadaman Mada, Bauchi. Mun buga shi kamar yadda ya karanta, tare da 'yan ƙare-ƙaren da ya yi da baki.)

  

Makon jiya sakataren ƙungiya ya same mu a shago, ya ce akwai gidaje huɗu a cikinmu da ke shirin tafiya ƙasar Maroko, kuma dukkansu da iyali za su tafi. Ɗaya zai kai mahaifiyarsa ziyara birnin Fas, ɗaya zai duba ɗansa da ke karatu a can, biyu kuwa sarin kaya ne zai kai su, jallabiyu da takalma da turare, suka ce bari wannan karon uwargida da yara su ma su ga duniya. Ya ce tun da Allah Ya sa mun taka ƙasar har sau uku, mu tashi mu yi wa jama'a bayani. To mu dai ba malamai ba ne, iyakacin karatunmu allo ne da Islamiyya, sauran kasuwa ce ta koya mana. Kuma ba hukuncin ziyara muka zo tattaunawa ba. A wannan ƙungiya akwai mai zaman wazifa, akwai wanda ba ya yi, shekara da shekaru kuma akushi ɗaya muke sa hannu. Magana guda ce za mu yi, wato in ka isa Fas da tsohuwa da mata da yara, wace unguwa za ka sauke su.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yawancinmu da ke zaune a nan ba a Bauchi aka binne cibiyarmu ba. Daga Kano da Katsina da Zariya da Haɗeja iyayenmu ko mu kanmu muka zo, musamman bayan 1976 da aka yi jihar Bauchi, garin ya zama hedkwata, kasuwa ta buɗe. Lokacin da muke gwauraye ina muke kwana? Duk inda ya fi kusa da Wunti ko babbar kasuwa, ko da ɗakin shago ne, mu shimfiɗa tabarma a bayan buhuna, gari ya waye mu ɗaga. Ranar da aka kawo amarya kuwa tambayoyin suka sake. Ina ruwa yake? Mota tana zuwa ƙofar gida in haihuwa ta zo da dare? Akwai makarantar yara kusa? Wane ne maƙwabci? Mu da muka sayi fili a nan mun san abin da sunan unguwar yake nufi, fadama ai wurin ruwa ce. Wanda ya ga fili da rani ya biya, bai dawo ya dube shi cikin watan Agusta ba, shi ya san abin da ya gani, ba sai mun kira suna ba.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya yi damina biyu yana bincike kafin ya sayi fili, shi ne zai zauna da waya a hannu, cikin minti biyar ya zaɓi gidan da zai kai mahaifiyarsa a ƙasar da ba ya jin harshenta, don kawai ya ga hoton tsakar gida mai tayil da famfo mai feshin ruwa. Mu ma mun yi hakan, shi ya sa muke da bakin magana.

Kafin mu ba ku labarin, bari mu zana muku garin, domin wanda bai san Fas gari uku ba ne a haɗe, ba zai gane sauran bayanin ba. Kuma ɗan Bauchi zai fi kowa saurin ganewa. Kun san muna da cikin gari, wato abin da ganuwa ta kewaye, su Jahun da Nasarawa da Kobi, lungu kan lungu. Muna kuma da Ji'ar'e da Bature ya yanka wa kansa a waje, tituna masu faɗi da itatuwa. To haka Fas take. Na farko shi ne tsohon birni, suna kiransa Fas al-Bali, wanda Maulaya Idrisu da ɗansa suka kafa fiye da shekara 1,200 da suka wuce. A nan masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata baiwar Allah, Faɗimatu al-Fihriyya, ta gina a shekarar 859. A nan kuma zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, a unguwar da ake kira Bilida, inda aka binne shi da ya rasu a 1815. Na biyu shi ne Fas Jadid, ma'ana sabuwar Fas, amma sabuntar tata tun 1276 ce. Fadar sarki tana can, da tsohuwar unguwar Yahudawa. Na uku shi ne sabon garin da Faransawa suka gina bayan sun karɓi ƙasar a 1912, can ne tashar jirgin ƙasa take, da bankuna, da manyan otal-otal, da gidajen bene masu lif.

Abu biyu ne game da tsohon birnin da hoto ba zai gaya maka ba. Na ɗaya, mota ba ta shiga. Ko keken Napep ba ka gani. Lungunansa dubbai ne, wasu in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe jikin bango. Jaki da alfadari da amalanken hannu su ne motocin garin, tukunyar gas da buhun siminti duk a bayansu ake shiga da su, in ka ji an ce "balak! balak!" to ka ja yaronka gefe. Na biyu, garin a cikin kwari yake kamar ƙwarya. In ka shiga ta babbar ƙofar nan mai shuɗin tayil, Bab Bujulud, ka bi hanyar da suke kira Tala'a Kabira, gangara ce za ka yi ta yi har Ƙarawiyyin. Da daɗi wajen zuwa. Amma mai Larabci ya san ma'anar sunan, hawa ne babba, wajen dawowa kuwa sai gwiwa ta faɗa maka gaskiya.

Tafiyarmu ta farko mu uku ne, maza zalla, 'yan kasuwa. Muka kama ɗaki a can ƙuryar tsohon birni, kusa da masu sayar da fata da takalma, mai araha, muna fita da asuba mu dawo bayan isha'i. Wallahi ba mu ga aibinsa ba ko ɗaya. Har muka riƙa zuwa majemar Shuwara kallo, inda suke jiƙa fata cikin farar ƙasa da kashin tattabara, suna ba baƙo ganyen na'ana'a ya toshe hanci. Mu da muka san majemar Kano dariya ma abin ya ba mu, musamman da muka tuna fatar jar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetara Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun Larabawa su ce fatar Maroko ce. Wannan daɗin da muka ji shi ya yaudare mu.

Da muka tashi komawa karo na biyu, sai muka ɗauki Hajiya mahaifiyarmu, wadda ta haura saba'in kuma tana fama da ciwon gwiwa, da uwargida da goyonta, da yara biyu, da ƙaninmu. Cikin watan Janairu ne. Muka samu gida a waya wanda aka rubuta cewa tsakaninsa da zawiya minti biyar ne, muka ce shi ke nan, Hajiya za ta riƙa sallar asuba a can, muka biya kuɗin kwana goma gaba ɗaya. Jirgi ya sauke mu Kasablanka, muka shiga jirgin ƙasa daga filin jirgin, muka sake wani a cikin gari, tafiyar kusan awa huɗu zuwa Fas. Dare ya yi kafin mu isa, ana yayyafi, domin su ruwansu da sanyinsu lokaci ɗaya suke zuwa. A bakin tasha muka fara cin karo da dokar farko: ƙananan tasi ɗin nan jajaye mutum uku suke ɗauka, ba roƙo ba magiya. Mu da muka saba cusa mutum bakwai a mota ɗaya sai ga mu a tasi uku, uwargida a motar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta direba.

Tasi suka ajiye mu a bakin wata ƙofa suka ce nan hanya ta ƙare. Ɗan dako ya loda akwatuna a amalanke ya yi gaba. Tafiyar da saurayi zai yi cikin minti goma sha biyar sai da ta ci mana kusan awa guda, Hajiya tana yin taku goma ta dafa bango, dutsen daɓen ya jiƙe yana santsi. Da muka isa, gidan kuwa kyakkyawa ne kamar yadda hoto ya nuna, ba a yi mana ƙarya ba. Abin da ba mu tambaya ba shi ne a wane hawa ɗakunanmu suke. Suna hawa na biyu ne, matakalar kuma irin ta tsofaffin gidajensu ce, ƙunci gare ta, ga tsawo, tana murɗawa kamar ta hasumiya. Mu biyu muka tallafi Hajiya muka hau da ita. Da ta zauna a bakin gado sai ta dube mu ta ce, "To Alhaji, ni dai in na sauka ba zan sake hawa ba, in kuma na zauna ba zan sauka ba, sai ku zaɓa mini ɗaya." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kwana huɗu muka yi a gidan, sau ɗaya tak Hajiya ta je zawiyar da aka ce mana minti biyar ce. Ga sanyi. Gidajen nan an gina su ne don maganin zafi, bango mai kauri, tsakar gida mai zurfi da rana ba ta cika sauka ba, saboda haka da hunturu ɗakin kamar randa yake. Hunturun Bauchi, kai ko na Jos, wasa ne a kan wannan, domin nasu da danshi yake zuwa. Uwargida ta ce a samo mata gawayi, mai gidan ya ɗaga hannu ya ce kul, hayaƙin gawayi da na hitar gas a rufaffen ɗaki yana kashe mutane cikin barci. Allah Ya saka masa da alheri a kan wannan. Yaran kuma ba wurin wasa. In sun yi tsakar gida ƙararsu ta cika gidan, sauran baƙin Turawa ne masu neman shiru, in sun hau saman soro katangar ba ta kai ƙirjinsu ba. In iska ta juyo, warin majemar nan da ya ba mu dariya a tafiyar farko sai ya hana mai shayarwa cin abinci.

Daren na huɗu ne ya yanke hukunci. Zazzaɓi ya rufe jaririn wajen ƙarfe ɗaya, numfashinsa yana sama-sama. Motar asibiti ba ta shiga lungu, tasi ba ya shiga. Muka naɗe shi a bargo, ɗan mai gidan ya riƙe tocila a gaba, muka yi ta ratsa lunguna har muka fito inda mota take, sannan muka yi jiran tasi. Babban asibitin koyarwa na garin can waje yake, ba kusa da tsohon birni ba. Allah Ya taƙaita, aka duba shi aka ba da magani, da safe ya kama nono. Amma a cikin lungun nan, da yaro a ƙirji, muka tuna tambayar da muka yi wa dillali a nan Fadaman Mada shekara ashirin da wani abu baya: mota tana zuwa ƙofar gida? Mun yi ta a garinmu, mun manta da ita a garin mutane. Washegari muka tattara muka bar gidan, kuɗin kwana shida ya bi ruwa, kuma ba mu ga laifin mai gida ba.

To yanzu ina za a sauka? Ra'ayinmu, bayan mun gwada ciki mun gwada waje, shi ne mai iyali ya nemi bakin tsohon birni, wato inda titin mota ya zo ya tsaya. Wuraren kaɗan ne, kuma kowanne da wanda ya dace da shi.

Wanda ziyara ce ta kai shi kuma yana tare da tsoho ko tsohuwa, ya riƙe sunan Rasif. Wani fili ne a can ƙasan kwarin, titi ya shigo har wurin, tasi da bas suna tsayawa, ga babban masallaci, ga kasuwar cefane mai nama da kifi da kayan miya. Amfaninsa shi ne kana ƙasa tun farko, ba sai ka gangaro ka sake hawa ba. Daga nan in ka bi ta Saffarin, dandalin maƙeran tagulla, ka raɓa jikin Ƙarawiyyin, ka shiga Bilida. A can muka koma da Hajiya, muka samu ɗaki a ƙasa, ba matakala ko ɗaya, tsakaninmu da inda tasi ke tsayawa bai fi daga nan zuwa masallacin unguwa ba. A sauran kwana shidan kullum sai ta je, tana tafe tana hutawa, wajen rubu'in awa ko fiye kaɗan. Aibin Rasif hayaniya da cunkoso, musamman da yamma. Mai ƙananan yara sai ya riƙe hannunsu da kyau, ya kuma sa wa kowane yaro takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar waya, domin lungun Fas ko babba yana ɓata a ciki.

Wanda kuwa yara ne suka fi yawa a tawagarsa, kuma kowa ƙafarsa lafiya, ya duba wajen Batha, kusa da Bab Bujulud, a saman garin. Can akwai sarari, tasi ba ya yankewa, akwai kemis da wuraren cin abinci, kuma 'yar tafiya kaɗan ce zuwa lambun Jinan Sabil, tsohon lambu mai inuwa da ruwa inda matan garin ke kai 'ya'yansu da la'asar. Yaro in ya yi gudu awa guda a can, da dare sai barci. Dabarar da muka koya a tafiya ta uku ita ce, ku gangara da ƙafa ta Tala'a Kabira kuna kallon kasuwa, ku yi ziyara ko sari, ku fita ta Rasif, ku ɗauki tasi ya zagayo da ku gida. Ba mai hawan tudu da kaya a ka. Akwai kuma Ain Azliten, inda ake ajiye motoci ta gefen arewa, shi ma ba laifi. Fas Jadid mun ratsa ta ne kawai, ba mu kwana ba.

Sabon gari fa? Mutanenmu da yawa suna raina shi, su ce mun zo Fas ne ko mun zo Faransa. Amma ɗan'uwanmu da zai duba ɗansa ɗalibi, da duk wanda zai wuce mako biyu, mu dai can za mu ce ya nufa. Can ake samun falat mai ɗaki biyu ko uku da kicin da lif da na'urar ɗumama ɗaki, sau da yawa a kuɗin da bai kai na ɗaki biyu a gidajen 'yan yawon buɗe ido na tsohon birni ba. Kada a raina maganar kicin. Abincinsu mai kyau ne, burodi da miyar harira da tajin da kuskus ɗin ranar Juma'a, kuma kusan duk naman da za ka saya a kasuwa yankan Musulmi ne. Sai dai ba yaji, kuma kwana uku in tsohuwa ba ta ga tuwo ba za ta ce ba ta ci abinci ba tun da ta zo. A zo da kuka da daddawa da yaji da ɗan garin masara, a ƙulle su da kyau. Asibitoci da likitocin yara ma a sabon garin suka fi yawa. Da magariba iyalai kan fito babban titin Hassan na Biyu, mai itatuwan dabino da famfuna a tsakiya, mata da yara suna zaune lafiya lau. Abin lura biyu ne. Kullum sai ka biya tasi zuwa tsohon birni da dawowa, in ku shida ne mota biyu ke nan, sai a sa shi cikin lissafi tun daga gida. Sannan a sabon garin akwai layukan da ke da mashaya, da rana ba za ka gane su ba.

Wannan ya kawo mu kan yadda ake bincike. Yadda muke duba fili da damina, haka ake duba masauki da dare. Ofishin jakadancinsu a Abuja zai nemi shaidar inda za ka sauka kafin a ba ka biza, to wannan ne ke sa mutane gaggawar biyan kwana goma ko ashirin a dunƙule. A nemi wurin da za a iya sokewa, ko a biya kwana biyun farko kawai a otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Iyali su huta gajiya, maigida da uwargida su fita tare su duba wuri biyu ko uku, bayan isha'i su sake bi ta layin su ga su wa ke zaune a bakinsa. Mun ce tare da uwargida, kuma da gangan muka faɗa. Kai za ka fita tun safe wajen masu jallabiya, ita ce za ta yini a gidan da yara. Ita za ta lura da inda za a shanya wanki, da ko banɗaki a cikin ɗaki yake ko sai an ratsa tsakar gida a gaban baƙin maza. Mu ba mu taɓa tunanin wannan ba sai da aka gaya mana, kuma ba da murya mai daɗi aka gaya mana ba.

In kuwa dole sai an kama wuri tun daga nan, to ga abin da ya fi kowane hoto amfani. Ka ce wa mai gidan ya tsaya daidai inda tasi ke sauke mutane, ya kunna bidiyo a wayarsa, ya taka har ƙofar ɗakin da zai ba ka, kada ya yanke. A nan za ka ƙirga mintoci, ka ga tudu, ka ƙirga matakala, ka ga ko akwai gidajen da aka tokare da katako a layin, domin a tsohon birni akwai gine-ginen da suka gaji. Wanda ya ƙi yin wannan, ka bar shi. Ka tambaye shi kuma ko gidan duka naku ne ko akwai wasu baƙi, da ko ana shan giya a saman soro. Larabcinmu na Islamiyya yana aiki, za su gane ka sarai, har su ji daɗi. Amsar ce matsala, domin Darija suke yi, Larabcin gida mai haɗiye wasula, gauraye da Faransanci. Ka ce masa ya rubuto maka, rubutunsu ya fi bakinsu sauƙi. A riƙe takardar aure a jaka, wasu masaukan sukan tambaya, kuma kowane masauki zai rubuta bayanin fasfo ɗin kowa, wannan doka ce, kada a ɗauka wulaƙanci ne. Kuɗinsu dirhami ne, ba a samunsa a wajen 'yan canjinmu, sai a tafi da dala ko yuro a canza a can.

Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida, iyayenmu fatake kuwa ba sa shiga gari sai sun san fatomansu. Fatoman wannan zamani a Fas su ne ɗalibanmu da ke karatu a can, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar. Sun san farashin gaskiya, sun san layin da ba a zama. A neme su tun kafin a tashi, a kuma yi musu alheri, kada a mayar da ɗan mutane ɗan aike kyauta alhali yana da darasi. A kewayen zawiya za ku tarar da 'yan Senegal da Mali da yawa, har da gidajen da suka saba saukar baƙin Afirka ta Yamma, waɗanda ba sa mamakin ganin mutum goma a tawaga ɗaya ko mace mai son dafa abincinta. Ga maza zalla ko matasa, waɗannan gidaje sun yi. Samarin da ke tare mutum a bakin ƙofa su ce za su kai shi masauki mai kyau kuwa, la'adarsu a cikin kuɗinka take. A ce musu "la, shukran" a wuce, ba faɗa. Maza su riƙa yawo da kwafin fasfo, domin ƙasar hanya ce ta masu neman tsallakawa Turai, wani lokaci akan tambayi baƙar fata takardunsa.

Wani abu da ya burge mu, kowace tsohuwar unguwa a Fas tana da masallacinta da famfonta da gidan wanka da gidan gasa burodi. Da hantsi sai ka ga yara ɗauke da ƙullin burodi a kan katako suna kai wa mai gashi. Layin da ka ga irin waɗannan yara suna kai da komo, to akwai iyalai a cikinsa, matanka za su sami wadda za su gaisa da ita. Layin da kuwa duk ƙofofinsa allon otal ne, da dare shiru yake kamar maƙabarta. A masallatansu ba za ku yi baƙunta ba, Malikiyya ne kamar mu, Warshu suke karantawa, bayan asuba da magariba a zauna a karanta hizbi tare da murya ɗaya, Hajiya har hawaye ta yi ta ce ta tuna makarantar allon gidansu. Amma a sani yawancin masallatai ana rufe su tsakanin salla da salla. Ba kamar Harami ba ne da za ka kai tsohuwa tun safe ta yini a ciki, shi ya sa kusancin masauki da sauƙin hanyarsa suke da muhimmanci. Ranar Juma'a kuma shaguna da yawa a tsohon birni a rufe suke, masu sari su tsara kwanakinsu.

Ɗan'uwanmu mai tafiya da mahaifiyarsa ya tambaye mu a waje ko ya tafi da keken marasa lafiya. A tafi da shi don filin jirgi da tasha da sabon gari, amma a lungun tsohon birni akwai matakalu da duwatsu, turawa sai ƙarti biyu. In da hali kuma a ɗage tafiyar daga tsakiyar hunturu, a kuma kauce wa Yuli da Agusta, lokacin da zafin Fas kan haura digiri 40. Afrilu da Mayu, ko Oktoba, su suka fi dacewa da jikin tsoho da na jariri.

Gidajen nan huɗu, in Allah Ya kai mu ranar Asabar bayan la'asar, a same mu a gida. A zo da matan, uwargidanmu ta ce tana da nata bayanin da ba na lasifika ba ne. Za mu kira ɗalibin nan ta waya a gabanku, kowa ya faɗi yawan mutanensa da shekarunsu da kwanakin da zai yi, a fara neman wuri tun yanzu.